Zoben baiko da gwal ɗin lefe: Lissafin da ya kamata a yi kafin a miƙa kuɗi

Da zarar an kwashe albasa da tafarnuwa a fadamun Wurno da Goronyo, kuɗin noman rani suka shiga hannu, sai hidimar aure ta kankama a gabashin Jihar Sakkwato. Daga Achida da Dinawa da Sisawa har zuwa Rabah da Gandi, a irin wannan lokaci ne ake sa rana, ake haɗa lefe, iyaye mata da yayyen ango kuma su kama hanyar birnin Sakkwato domin sayen sarƙa da ɗankunne. A akwatunan lefe duka babu abin da ya kai wannan ƙaramin ƙunshi cin kuɗi, kuma babu wanda aka fi saye da ƙarancin sani kamarsa.

A 'yan shekarun nan wani baƙon abu ya shigo cikin lissafin, wato zoben baiko mai dutse. Finafinan ƙasashen waje da hotunan da ake yaɗawa a Instagram da TikTok sun koya wa matasa cewa saurayin da ya waye shi ne wanda ya sa wa budurwarsa zoben daimon, dutsen da wasu ke kira lu'ulu'u. Abin bai zama ruwan dare a karkara ba tukuna, amma 'ya'yan waɗannan garuruwa da ke aiki a Sakkwato ko Kano ko Abuja sun fara jin matsin lambar, kuma sanannen abu ne cewa abin da birni ya yi bana, ƙauye zai nema baɗi.

Kafin a shiga zancen wane dutse ya fi wani, akwai abin da ya kamata a tuna. A ƙasar Hausa, abin da aka rataya wa amarya a wuya ado ne na kwana ɗaya ko biyu, bayan nan kuma ajiya ce. Kakanni sun tara dukiyarsu a tasoshi da kwalla da tumaki, jikokinsu sun mayar da ita gwal. Shi ake ɗaukowa ranar da aka rubuta wa yaro aiki a asibiti, ko taki ya yi tsada ga damina ta kawo jiki, ko kuma, a wannan zamani na rashin tsaro, ranar da 'yan bindiga suka yanka wa dangi kuɗin fansa. Saboda haka darajar abin da ango ya saya ba ta bayyana sai ranar da matarsa ta mayar da shi kasuwa. Da wannan ma'auni ya kamata a auna daimon, da shi kuma za a auna gwal.

Yadda zoben daimon ya zama dole a wasu ƙasashe

Mutane da yawa suna ɗaukar zoben daimon a matsayin tsohuwar al'adar Turawa da suka gada kaka da kakanni. Gaskiya ne sarakuna da attajiransu sun daɗe suna ba da shi, amma zamansa wajibi a kan kowane saurayi bai cika shekara 100 ba, kuma kamfani ne ya ƙirƙiro shi.

Bayan gano ma'adinan daimon masu yawa a yankin Kimberley na Afirka ta Kudu wajen 1870, dutsen da a da ake samunsa da ƙyar a Indiya da Brazil ya fara yawaita. Masu haƙarsa sun gane cewa idan aka bar shi ya malala kasuwa, farashinsa zai karye. A 1888 Cecil Rhodes ya haɗe manyan ramukan ƙarƙashin kamfanin De Beers, wanda ya shafe mafi yawan ƙarni na 20 yana riƙe da akalar cinikin daimon na duniya, yana sakin adadin da ya ga dama. Da ciniki ya ja baya a lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, sai kamfanin ya ɗauki hayar masu talla na N.W. Ayer a Amurka a 1938. Su ne suka riƙa cusa daimon a finafinai da mujallu, har a 1947 wata ma'aikaciyarsu mai suna Frances Gerety ta rubuta shahararren taken da ke nuna cewa daimon ba ya gushewa har abada. Daga baya tallar ta yanka wa samari ƙa'ida: a kashe albashin wata guda, sannan aka mayar da shi na wata biyu. A Japan, inda ba a san al'adar ba sam, cikin shekaru ƙalilan daga ƙarshen shekarun 1960 ta zama abin da yawancin amare ke tsammani.

Wannan take yana da wani amfani na biyu da ba a cika lura da shi ba. Abin da aka ce na har abada ne ba a sayar da shi, kuma muddin mata ba su mayar da zobbansu kasuwa ba, ba za su gano abin da za a taya ba. Ɗan jaridar Amurka Edward Jay Epstein ya yi dogon rubutu a mujallar The Atlantic a 1982 a kan wannan batu, inda ya nuna yadda masu ƙoƙarin sayar da daimon ɗinsu ke samun tayin da bai kama ƙafar abin da suka biya ba. Idan haka lamarin yake a New York, inda akwai titi guda na dillalan daimon, sai a ƙiyasta yadda zai kasance a Tsohuwar Kasuwar Sakkwato. Mai sayen gwal zai ɓamɓare dutsen, ya miƙa wa mai shi, ya ɗora ƙarfen kaɗai a kan sikeli.

Ga wanda ya nace sai daimon

Duk da haka, mai kuɗinsa yana da ikon sayen abin da ransa ke so, kuma ba laifi ba ne mutum ya faranta wa wadda zai aura. Abin da ake buƙata shi ne ya san cewa kyauta yake saye, ba jari ba, sannan ya san yadda ake yi wa dutsen kuɗi.

Abubuwa huɗu ake dubawa, bisa tsarin da cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, GIA, ta shimfiɗa a tsakiyar ƙarnin da ya gabata: nauyi, launi, tsabta da yanka. Ana auna nauyi da karat, kuma karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Launi yana farawa daga harafin D, wanda shi ne fari tas, ya gangara zuwa Z mai ɗaukar rawaya-rawaya. Tsabta tana nufin ƙarancin tabo a cikin dutsen idan an duba shi da gilashin da ke ƙara girma sau goma. Yanka kuwa shi ne gwanintar wanda ya fere shi, kuma shi ne ke sa dutse ya yi walƙiya ko ya dushe.

A cikin huɗun nan, yanka ne kaɗai bai kamata a yi rowa a kansa ba, domin shi ido ke gani daga nesa. Bambancin D da G ko H ba ya bayyana ga wanda ba gwani ba, balle idan an ɗora dutsen a kan gwal mai launin rawaya, amma bambancin kuɗinsu babba ne. Haka ma tabon da sai da gilashi ake ganinsa, babu dalilin biyan ninki domin a guje masa. Akwai kuma wata dabara ta nauyi: farashi yakan yi tsalle idan dutse ya cika karat ɗaya cif, alhali mai 0.90 kusan girmansu ɗaya a ido.

Babbar matsalar mai saye a Arewa ita ce tabbatar da cewa dutsen daimon ne ma tukuna. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke haƙo daimon domin kasuwa, ba a kuma fere shi a nan. Mafi yawan na duniya a birnin Surat na Indiya ake yanka su. Abin da ke cika tagogin shaguna galibi zirkoniya ce, wadda ba ta da wata daraja, ko kuma mosanait, wanda yake iya yaudarar ƙaramar na'urar gwaji mai aiki da zafi. Hujja ɗaya da za a iya dogara da ita ita ce takardar shaida daga ɗakin gwaji mai zaman kansa kamar GIA ko IGI. Takardar tana da lamba, ana iya duba lambar a shafin cibiyar na intanet, kuma sau da yawa an zana ta da haske a gefen dutsen. Takardar da shagon ya buga da kansa ba shaida ba ce. Sayen daimon ta hoton WhatsApp kuwa cinikin biri a sama ne.

Sai kuma abin da ya girgiza kasuwar baki ɗaya: daimon ɗin da ake ƙerawa a masana'anta. Ba jabu ba ne, domin sinadarinsa da taurinsa da ƙyallinsa duk ɗaya suke da na ƙasa, sai da na'ura ta musamman ake rabe su. Shi kansa De Beers ya buɗe reshen sayar da irinsa mai suna Lightbox a 2018 a kan dala 800 kowane karat, ya rage zuwa dala 500 a 2024, sannan a 2025 ya sanar da rufe reshen saboda farashin ya ci gaba da zubewa. Faɗuwar ta ja na ƙasa ma ya sauka. Ga mai son ƙyalli kawai, wannan labari ne mai daɗi, domin zai samu dutse babba da kuɗi kaɗan. Sai dai ya tabbatar ba a sayar masa da na masana'anta a farashin na ƙasa ba, kuma ya sani cewa ranar sayarwa kusan babu abin da zai dawo.

Karat ɗin gwal daban yake

A nan ne ake yawan rikicewa. A wajen daimon, karat nauyi ne. A wajen gwal, karat yana nuna yawan zinaren da ke cikin ƙarfen, kuma ana lissafa shi cikin kashi 24. Karat 24 shi ne zinare tsantsa, amma ya cika laushi, yana lanƙwashewa, shi ya sa ake gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa kafin a ƙera abin ado. Karat 22 yana da zinare kashi 91.6 cikin 100, karat 21 yana da 87.5, karat 18 yana da 75, karat 14 kuma 58.5. Waɗannan alƙaluma su ne ake bugawa a jikin kaya, a maƙalar sarƙa ko cikin zobe: 916, 875, 750, 585.

Mata sun saba kiran gwal da sunan ƙasar da ya fito, a ce wannan ɗan Saudiyya ne, wancan ɗan Dubai, wannan kuma na Italiya. Sunan yana iya nuna salon ƙira, kuma gaskiya ne kayan Saudiyya sun fi zuwa a karat 21, na Italiya kuma a 18. Amma zinare ba shi da ƙasa. Giram ɗaya na karat 21 da aka saya a kasuwar gwal ta Deira a Dubai daidai yake da giram ɗaya na karat 21 da maƙerin fari ya narka a Sakkwato, ko wanda aka sayo a Kasuwar Rimi ta Kano. Duk wanda ya ƙara kuɗi saboda sunan ƙasa kaɗai, ya biya abin da sikeli ba zai gani ba.

Kowa yana iya yin lissafin farashin da wayarsa kafin ya bar gida. Ana sanar da farashin zinare na duniya kullum a kan oza, kuma ozar zinare giram 31.1 ce. A raba farashin da 31.1, a ninka da canjin dala na ranar, sannan a ninka da kason karat ɗin. A ɗauka, domin misali kawai, oza tana dala 4,000 kuma dala tana naira 1,500. Giram ɗaya na zinare tsantsa zai kama kusan naira 193,000. Na karat 21 zai zama wajen naira 169,000, na karat 18 kuma wajen naira 145,000. Tazarar da ke tsakanin biyun ta kai naira 24,000 a kowane giram. Ke nan idan aka sayar wa uwar ango saitin giram 10 na karat 18 da sunan 21, an cuce ta naira 240,000 ba tare da an taɓa sikeli ba, kuma ba za a gane ba sai bayan shekaru, ranar da amarya ta je sayarwa cikin matsi.

Hatimin da ke jikin kaya alama ce, amma ba hujja ba ce, domin abin buga 875 ba shi da wuyar samu. Gwajin maganaɗisu da ake yi a gida yana kama abin da aka haɗa da baƙin ƙarfe ne kawai. Tagulla ma ba ta bin maganaɗisu. Tsohon gwajin masu sana'ar shi ne a goga kayan a kan baƙin dutse, a ɗiga asid a kan zanen, a ga ko zai tsaya ko zai ɓace. Wasu manyan shaguna a birane suna da na'urar da ke karanta kason ƙarafa cikin daƙiƙoƙi. Dukkan gwaje-gwajen biyu fatar kayan suke karantawa, don haka idan awarwaro ne mai kauri, wanda ake iya yi wa wanka mai nauyi da ruwan gwal, akwai buƙatar a kankare wani ɓoyayyen wuri a gwada cikinsa. Hanya mafi sauƙi ga wanda ya taso daga Wurno ko Rabah ita ce ya nemi a ba shi damar kai kayan wani shago dabam a gwada, ko ya tafi da wanda ya san sana'ar kuma ba shi da kaso a cinikin. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Kayan wanke, irin waɗanda mata ke kira GL, ba su da aibi idan an sayar da su da sunansu. Amarya da yawa sun fita kunya da su. Aibin yana zuwa ne idan an shigar da su lefe da sunan gwal, ko dillaliya ta kawo su gida-gida da farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa sosai, tana cewa mai su ce ta matsu. Zinare kuɗi ne a hannu a kowace kasuwa, mai shi ba ta da dalilin karyar da shi rabin kuɗi. Irin wannan araha ko dai jabu ce, ko kuma kayan sata, kuma na biyun ya fi na farkon jawo wahala.

Abin da ake biya wanda ba ya dawowa

A kan kuɗin zinaren akwai kuɗin ƙira da ribar mai shago. Hakkinsu ne, amma su ne kason da ke ɓacewa ranar sayarwa, domin mai saye narkarwa zai yi, ko aƙalla da farashin narkarwa zai taya. Gwargwadon yawan ado da sarƙaƙiyar aiki, gwargwadon abin da za a yi asara. Awarwaro lafiyayye marar kwalliya ya fi riƙe kuɗinsa a kan sarƙa mai siraran zare da furanni, wadda ga tsadar aiki ga saurin tsinkewa.

Duwatsun ado su ne babban tarko. Saiti mai jajaye da korayen duwatsu yana ɗaukar ido a ranar buɗe lefe, amma idan aka ɗora shi a sikeli gaba ɗaya, an sayar da gilashi a farashin zinare ke nan. Ranar mayarwa kuwa sai an cire nauyin duwatsun kafin a yi lissafi. Ya kamata a nemi a faɗi nauyin zinaren shi kaɗai. Haka kuma kayan da ke da girma a ido amma cikinsu fanko ne: suna lotsawa da wuri, kuma akan samu waɗanda aka cika cikinsu da wani abu domin su yi nauyi.

Akwai tambaya guda da ke tona duk waɗannan: idan aka dawo da kayan nan gobe, nawa za a saya? Tazarar da ke tsakanin amsar da farashin da aka faɗa ita ce ainihin kuɗin adon. Idan tazarar kaɗan ce, an sayi ajiya. Idan ta kai kashi ɗaya cikin uku, an sayi kwalliya. Idan mai shago ya ce ba ya karɓar kayansa, ya riga ya faɗi ra'ayinsa a kansu. A yi wa mai sayar da zoben daimon wannan tambaya, a saurari abin da zai ce.

Bayan an daidaita, a auna kayan a gaban mai saye, a ga sikelin ya fara daga sifiri, sannan a rubuta rasit mai ɗauke da sunan shago, kwanan wata, irin kayan, karat, nauyi har da ɗigo, da kuɗin giram. Rasit ɗin da aka rubuta “sarƙa ɗaya” da jimillar kuɗi kawai ba zai amfani kowa a gaban alƙali ba.

Inda shari'a ta shigo

Zobe ba sharaɗi ba ne a auren Musulunci. Inda ya fito fili a hadisi ma, a ruwayar Buhari da Muslim daga Sahlu ɗan Sa'adu, an umarci wani sahabi matalauci ne da ya nemo abin sadaki ko da zoben baƙin ƙarfe ne. Abin da yake wajibi shi ne sadaki, kuma a mazhabar Malikiyya da ake bi a wannan yanki, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne na zinare ko dirhami uku na azurfa, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani. Dinari giram 4.25 ne a lissafin da aka fi amfani da shi, don haka rubu'insa ya ɗan haura giram ɗaya. Wannan ne ya sa adadin da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ke sanarwa yake hawa da sauka tare da kasuwar zinare. A misalin da aka bayar a sama, zai kama wajen naira 205,000.

Wannan yana da darasi ga iyaye. Sadakin da aka karɓa da takardar naira kafin a saki canjin kuɗi a watan Yunin 2023, lokacin da dala take ƙasa da naira 500 a farashin hukuma, ya zube ƙwarai cikin 'yan watanni, domin a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Wadda aka mayar mata da nata giram ɗaya ko biyu na gwal ta tsira daga wannan, har ta ci ribar tashin zinare a duniya, wanda ya ƙetare dala 2,000 a 2020, ya wuce 3,000 a watan Maris na 2025, ya kai 4,000 a watan Oktoba na shekarar. Ba a ce kullum hawa yake yi ba: bayan ƙololuwar 2011 ya faɗi sosai, ya shafe shekaru bai farfaɗo ba. Amma ga mai ajiya da naira, ya fi takarda amana.

Ya kamata kuma a fayyace tun farko, a gaban shaidu, wane gwal ne sadaki, wane ne kyautar lefe. Sadaki mallakar matar ne ita kaɗai, ba na uba ko miji ba, kuma hukuncinsa daban yake idan aka rabu kafin tarewa ko aka zo batun khul'i. Rigingimu da yawa da ke zuwa kotunan shari'a bayan an fasa aure, a kan wa ke da me ake yin su. Al'adar nan ta aro gwal a saka a lefe domin idon jama'a, a zare bayan biki, ita ma tana haifar da ɓacin ran da ke daɗewa a cikin gida.

Cinikin kansa yana da ƙa'ida. Zinare da zinare ba a musanya su sai nauyi ya zo ɗaya kuma hannu da hannu. Don haka abin da mata suka saba yi, na kai tsohuwar sarƙa a karɓi sabuwa a yi ciko, malamai da yawa suna ganin akwai riba a cikinsa. Mafita ita ce a sayar da tsohuwar, a karɓi kuɗin, sannan a sayi sabuwar. Haka nan mafi yawan malaman zamani ba su yarda a ɗauki gwal bashi ana biya kaɗan-kaɗan ba. Mai tara kuɗi ta adashe sai ta bari kwasarta ta zo. Shi kuwa ango, idan za a yi musayar zobba, zinare haramun ne a gare shi, azurfa ce aka halatta masa. Game da zakka, Malikiyya ba su wajabta ta a kan adon da mace ke sawa ba, amma wanda aka ajiye domin kasuwanci ko tanadi hukuncinsa na iya bambanta idan ya kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85. Wannan fage ne da ya kamata a zauna da malami a kansa.

Ita ma hukuma ta taɓa sa baki. A 2023, a ƙarshen mulkin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an yi dokar taƙaita kashe kuɗi a bukukuwan aure da suna a jihar. Ko ana bin ta ko ba a bi, wanda ya leƙa gidan buɗe lefe zai iya yanke hukunci da kansa.

Lokacin saye da hanyar komawa gida

Manomin albasa yana da wata asara da ba ta bayyana a rasit. Lokacin da aka fi ɗaura aure ya yi daidai da lokacin da albasa ta cika kasuwa, farashinta ya faɗi warwas. Wanda ya kwashe amfaninsa duka ya sayar a wannan lokaci domin haɗa lefe, ya sayar da araha ya sayi tsada. Bayan 'yan watanni, buhun da ya rabu da shi yakan ninka kuɗinsa a hannun wanda ya iya adanawa. Tunda ana sayar da gwal da giram, babu abin da ya hana a fara da ɗankunne a bana, a ƙara zobe bayan an sayar da ragowar amfani, maimakon a haɗiye komai a rana ɗaya. Iyalan da suka yarda da hakan sun rage wa surukinsu bashin da 'yarsu ce za ta zauna a cikinsa.

Sai batun tsaro, wanda ba a iya tsallake shi a gabashin Sakkwato. Mutanen Goronyo ba su manta da harin da aka kai kasuwarsu a watan Oktoban 2021 ba, inda aka kashe mutane da dama, kuma ƙauyukan Rabah sun sha irin wannan tun 2018. 'Yan bindiga suna da masu tsegunta musu wanda ya sayar da shanu da gidan da aka kai akwati goma sha biyu. A irin wannan hali, ɗaukar bidiyon lefe ana ɗaga sarƙa ana faɗin giram nawa ce, sannan a watsa a waya, tallar gidan ce ga waɗanda ba a gayyata ba. Wasu iyalai sun koma nuna gwal ga iyayen amarya kaɗai a cikin ɗaki, wasu kuma suna barinsa a hannun amintaccen ɗan'uwa a birni har sai an tare. Biyan kuɗi ta banki a cikin shago ya fi a ɗauko damin naira a motar haya daga Achida, kuma yana barin shaidar ciniki ta biyu bayan rasit. Shi kuma rasit ɗin, a ɗauki hotonsa a waya, a ajiye asalinsa a wani wuri dabam da inda aka ajiye gwal ɗin, kuma a rubuta shi da sunan amarya idan nata ne.